Yadda Taurin Kan Landan Ya Raba Ingila da Amurka

Duk lokacin da na koma kan tarihin shekarun 1763 zuwa 1775, abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mahukuntan Landan suka yi ta samun damar sasantawa da mutanensu na Amurka, suna watsar da ita don kawai su nuna cewa su ne da iko. Mazauna yankuna 13 da Birtaniya ke mulka a gaɓar gabashin Amurka ba al'umma ba ce da aka ci da yaƙi kamar yadda Turawa suka yi wa ƙasar Hausa. Yawancinsu jikokin waɗanda suka yi ƙaura daga Birtaniya ne, suna alfahari da sarkinsu, kuma yankunansu suna da majalisun dokoki waɗanda su ne ke yanka musu haraji tun kaka da kakanni.

A 1763 Birtaniya ta gama yaƙin shekara bakwai da Faransa, ta karɓe Kanada, amma ta fito da bashin da ya kai kusan fam miliyan 130. Gwamnatin George Grenville ta ga ya kamata Amurkawa su taimaka wajen ciyar da sojojin da aka girke musu, kuma maganar gaskiya hujjarta ba ta banza ba ce, domin talakan Ingila ya fi na Amurka biyan haraji nesa ba kusa ba. Hanyar da aka bi ce ta ɓata lamarin. A 1765 majalisar Landan, wadda babu wakilin yankunan Amurka ko ɗaya a cikinta, ta kafa dokar hatimi, wadda ta wajabta amfani da takarda mai hatimin gwamnati wajen buga jarida, rubuta takardun kotu da lasisi, har da katin karta. A Boston, cikin watan Agusta, matasa suka rataye mutum-mutumin Andrew Oliver, wanda aka naɗa ya sayar da hatimin, a jikin bishiya, ya ajiye aikin ba shiri. Bayan 'yan kwanaki suka afka gidan mataimakin gwamna Thomas Hutchinson suka farfasa shi. 'Yan kasuwa suka ƙaurace wa kayan Ingila har attajiran Landan da Bristol suka fara kuka.

A watan Maris na 1766 aka soke dokar, kuma da an tsaya nan da wutar ta mutu. Sai dai a rana guda majalisar ta zartar da wata doka mai cewa tana da ikon yi wa yankunan doka a kan kowane al'amari. Ba cinya ba, ƙafar baya ke nan. Amurkawa suna cewa ba a taɓa aljihun mutum sai da yardar wakilinsa, kuma wannan ƙa'ida ta Ingila ce kanta. Landan tana amsa musu da cewa ai Manchester da Birmingham ma ba su da wakilai, amma majalisa tana magana da yawun kowa. A ganina wannan amsa ba ta riƙe ruwa, domin ɗan majalisar da ya ɗora wa Manchester haraji shi ma zai biya, alhali duk abin da ya ɗora wa mutumin Boston, wanda teku ta raba su tafiyar makonni, sauƙi ne ga aljihunsa shi.

A 1767 aka sake ɗora haraji a kan gilashi, fenti, takarda, dalma da ganyen shayi, aka kuma tura sojoji Boston a 1768. Ranar 5 ga Maris, 1770, sojojin suka buɗe wuta a kan taron jama'a, mutum biyar suka mutu, cikinsu har da Crispus Attucks, mai tsatson Afirka. Lauyan da ya kare sojojin a kotu John Adams ne, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu, kuma an wanke yawancinsu. Mutanen da suka yi wa sojan da ya harbe su irin wannan shari'a ba su riga sun yanke ƙauna da dokar Ingila ba. A shekarar nan gwamnatin Lord North ta janye harajin duka, ta bar na shayi kaɗai don kada a ce majalisa ta sallama ikonta.

Dokar shayi ta 1773, wadda aka yi don ceto kamfanin East India daga durƙushewa, rage farashin shayi ta yi, amma duk da haka a daren 16 ga Disamba mutanen Boston suka zubar da akwati 342 a cikin teku, domin sun gane cewa sayen shayin mai araha amincewa ne da harajin da ke cikinsa. Ɓarnar dukiya laifi ce, ban musa ba, amma hukunta gari gaba ɗaya zalunci ne. A 1774 aka rufe tashar jiragen ruwan Boston, aka karɓe yawancin ikon zaɓe daga hannun mutanen Massachusetts, yankin da Boston take ciki, aka naɗa Janar Thomas Gage gwamna. Yankunan da a da ba sa ga maciji da juna suka aika wa Boston abinci, kuma 12 daga cikinsu suka tura wakilai taron Philadelphia a watan Satumba.

Ba zan mai da Amurkawan waliyyai ba. Suna kukan 'yanci alhali kusan mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar bawa ne, kuma wani ɓangare na fushinsu ya samo asali ne daga sanarwar 1763 da ta hana su ƙetare tsaunukan Appalachia su mamaye filayen 'yan asalin nahiyar. Amma wannan bai wanke Landan ba. A watan Maris na 1775 ɗan majalisa Edmund Burke ya roƙi majalisa ta bi hanyar sulhu, aka yi watsi da shawararsa. Ko bayan an zubar da jini a Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilu, wakilan yankunan sun sake aika wa Sarki George na Uku takardar neman sulhu a watan Yuli, ya ƙi karɓarta, ya kuma ayyana su 'yan tawaye a watan Agusta. Sai bayan wannan da kusan shekara guda, ranar 4 ga Yuli, 1776, suka shelanta cewa sun fita daga ƙarƙashinsa.