Kafin ka ce wasa ya zalunce ka, kayan wa ka ɗauko?

Kwanakin nan duk majalisar samari masu laftof da ka zauna, a Aboabo ne ko Asawase ko Sabon Zongo nan Kumasi, da an taɓo zancen wasan kwamfuta sai ka ji an shigo da ƙarar Curious Expedition. Wasan ba na yau ba ne. Tun 2016 wani ƙaramin kamfani na birnin Balin mai suna Maschinen-Mensch ya fitar da shi, yanzu ne dai ya faɗo hannun yaranmu, wannan ya nuna wa wannan. Ƙarar kuma guda ce a bakin kowa: wai wasan azzalumi ne. Ka yi awa biyu kana ratsa daji, ka tara dukiya, ana saura ƙiris ka isa dalar zinariya sai ƙasa ta tsage, ko dutse ya yi aman wuta, ko mutanenka su haukace, ka mutu, komai ya tafi, ka koma farko. Suna so a ba su damar ajiye wasa su dawo daidai inda suka yi kuskure, suna so a cire bala'o'in nan, wasu har cewa suke masu wasan ba su san aikinsu ba. Wannan magana ta ishe ni, kuma jin ta a Kumasi, ba a wani gari ba, shi ya fi ɓata min rai.

Zancen mutuwa ba mai tsawo ba ne. Irin waɗannan wasanni, da ake kira roguelike, sun samo sunansu daga wasan Rogue, wanda Michael Toy da Glenn Wichman suka fara rubutawa a 1980 suna ɗalibai a Kalifoniya, ba hoto ba zane, haruffa ne kawai a allon kwamfuta. Dokoki biyu ya gadar wa zuriyarsa: taswira sabuwa duk lokacin da ka shiga, mutuwa kuma babu gyara. A kansu NetHack ya ginu a 1987, a kansu Spelunky ya ginu a 2008, haka FTL a 2012. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai son a tausaya masa ga wasan Hades can, akwai tsarin da in ka kunna yake ƙara maka juriya duk faɗuwar da ka yi, kuma ba abin kunya ba ne. Wanda dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ya katse wa wasa ma yana da hujjar fushi, amma fushinsa na masu wuta ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce hukuncin da Curious Expedition ke yankewa zalunci ne, domin masu faɗar haka suna tsallake abin da hannunsu ya aikata kafin ƙasar ta tsage.

Na zauna bayan wani ƙanena ina kallonsa yana bugawa. Ya zaɓi Baturen yawon bincike Richard Burton a matsayin jagoran tafiya, ya sauka daga jirgin ruwa da jakinsa da mutanensa. Ya isa wani ƙauye, mutanen suka karɓe shi, ya kwana a wurinsu hankalin tawagarsa ya dawo, ya yi musayar kaya, har suka ba shi ɗansu ya raka shi. Gaba kaɗan ga ɗakin bautarsu. Wasan bai ɓoye masa komai ba, ya rubuta masa a fili cewa alamu sun nuna taɓa kayan wurin zai jawo masifa. Ko karantawa bai gama ba ya danna, ya kwashe. Nan take wuta ta tashi ta tare masa hanya, ƙimarsa a idon mutanen yankin ta faɗi, jaki ya tafi da rabin kayan, abinci ya ƙare, ma'aunin hankali ya sauka ƙasa. Ya buga tebur ya juyo ya ce, "Yaya, ka gani ko? Wannan ai zalunci ne!" Na ce masa, "To kai kayan wa ka ɗauko?" Ya ce, "Ai ba na kowa ba ne, a ajiye na same su."

A ajiye na same su. Yaron da aka haifa tafiyar ƙafa daga Manhyia, fadar sarkin Asante, ne ya faɗi wannan, kuma bai ji wani abu ya motsa a ransa ba.

Ranar 4 ga Fabrairun 1874 janar ɗin Birtaniya Garnet Wolseley ya shigo garin nan da rundunarsa. Asantehene, wato sarkin Asante, Kofi Karikari ya riga ya fice. Sojojin suka shiga fada, su ma a ajiye suka sami kayan, suka zaɓi zinariyar da suke so, suka tarwatsa ginin da albarushi, suka cinna wa Kumasi wuta suka juya. An yi gwanjon wani kaso na ganimar a Cape Coast, wani kason ya bi ta hannun maƙeran zinariya na Garrard a Landan, daga nan ya shige gidajen tarihi da gidajen masu kuɗi. Ban da diyyar oza 50,000 na zinariya da aka ɗora wa Asante a yarjejeniyar Fomena. Yanzu ku dubi abin da wasan yake tambayar ɗan wasa duk lokacin da ya koma Landan lafiya: kayan nan da ka kawo, za ka ba gidan tarihi ka sami suna, ko za ka kai gwanjo ka sami kuɗin tafiya ta gaba? Ba ƙirƙirar wannan zaɓi masu wasan suka yi ba, daga tarihi suka kwafo shi, kuma tarihin garinmu yana cikin wanda ya fi dacewa da shi. Shi kansa Burton ɗin da ƙanena ya zaɓa ba tatsuniya ba ne, ya taka ƙasar nan a 1882, ya sauka yankin Axim neman ma'adinin zinariya.

Saboda haka in ma akwai ƙarya a wasan, sassauci ne ƙaryar, a wani ɓangare kuma alheri ne da tarihi bai yi mana ba. Wolseley ba dutsen da ya yi masa aman wuta. Ya koma gida majalisar dokokin Ingila ta gode masa ta ba shi fam 25,000. Waɗanda suka dawo a 1896 suka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya suka sake kwasar kaya, ƙasa ba ta tsage da su ba, shi ne aka kai gudun hijira har tsibirin Seychelles, bai ga Kumasi ba sai 1924. A cikin wasan ne kaɗai ɓarawon ɗakin bauta yake ganin sakayya tun kafin ya bar wurin, kuma wannan ɗan adalcin ne samarinmu suke roƙon a cire musu domin su yi sata hankali kwance. Da za a ba su maɓallin ajiye wasa da suke nema, me zai faru? Mutum ya ajiye a ƙofar ɗakin bauta, ya kwashe, in masifa ta zo ya koma baya ya sake, har sai ƙwayar ludo ta faɗo masa daidai. An mayar da fashi lissafi ke nan. Mutuwar da babu gyara ita ce take sa yatsa ya tsaya a kan maɓalli, mutum ya tambayi kansa ko abin ya kai. Wasan kuma yana barin ka ka wuce ɗakin ba ka taɓa komai ba, ka riƙe amincin mutanen ƙauye, su sauke ka su ciyar da kai. Hanyar tana nan a buɗe, masu kukan ne ba sa bin ta.

Na san amsar da ake bayarwa: ai wasa ne kawai. Wanda ya buga tebur har shayi ya zube saboda jakin da babu shi a duniya ba shi da bakin cewa wasa ne kawai. Akwai kuma dattawan da suke ganin a hana yara shi ɗungurungum saboda akwai giya da gumaka da jefa ƙwaya a ciki; waɗannan ba su taɓa kallon abin da ke cikin wayoyin jikokinsu ba, da sun san wannan ne mai sauƙin.

Waɗanda suka fi ba ni haushi bayan masu kukan su ne masu yabon da ya wuce kima, 'yan boko da za su ce maka wasan suka ne ga mulkin mallaka, an gama magana. Hujjarsu ita ce ana iya zaɓar Harriet Tubman ko Marcus Garvey, masu fafutukar 'yancin baƙar fata, a matsayin jagoran tafiya, kuma cikin cututtukan da ke kama 'yan tawaga har da wariyar launin fata da ɗauke-ɗauke. Na yarda masu wasan sun san abin da suke taɓawa, ba su yi shi da ka ba. Amma ka sa Garvey a gaban tawaga sannan ka aike shi ya kwaso kayan bautar baƙaƙe ya kai gidan tarihi a Landan domin a gina masa mutum-mutumi, me ka gyara? Tafiya shida ake yi, kana tsere da abokan hamayya, wanda ya fi suna shi ne gwani, kuma kayan da ka kwaso suna cikin abin da ke kawo sunan. Wanda ya iya sata ya iya gudu, wasan zai ɗaga hannunsa. Mutanen ƙauyen kuwa ba su da gari mai tarihi, ba su da sarki mai suna, ba su da abin da suke nema a rayuwa ban da jiran baƙo. Lamba ce guda a gefen allo, ta hau in ka kyauta musu, ta sauka in ka cuce su. A wajen mai wasan, su da cakulan da ake ci don hankali ya dawo aikinsu ɗaya. Wannan ne aibin Curious Expedition na gaskiya, kuma a duk majalisun da na zauna ban ji yaro ɗaya ya ambace shi ba. Sun ga kansu a Burton, ba su ga kansu a ɗan rakiyar da ƙauye ya bayar ba.

Mu Hausawan Zongo kuwa ya kamata wannan ɗan rakiya ya tsaya mana a rai fiye da kowa, domin mun san matsayin da aka ba kakanninmu a irin waɗannan tafiye-tafiye. A yaƙin 1874 ɗin nan, Kyaftin John Glover ya taso daga wajen kogin Volta da sojojin da ake kira Hausawan Glover, suka iso Kumasi bayan an ƙone ta. A 1900, lokacin da gwamna Frederick Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna, Yaa Asantewaa ta ja Asante zuwa yaƙi, sojojin Hausa suna cikin waɗanda aka tsare a ganuwar Kumasi tare da shi. Ba mu ne muka kwashi suna ba, ba a gidajenmu zinariyar ta ƙare ba, amma bindigar da kayan a kafaɗar wasu daga cikinmu suke. Yaron Zongo da ya zauna gaban wannan wasa yana da dalili biyu na tsayawa ya yi tunani, na garin da ya haife shi da na jinin da ya fito. In duk da haka abin da ya dame shi bai wuce ƙwayar ludo ta ƙi shi ba, to gazawar ba ta mutanen Balin ba ce, tamu ce da muka bar shi ya girma bai san labarin unguwarsa ba.

Abin takaicin shi ne muna da tafiyar da ta fi wannan dacewa da irin wannan wasa, kuma ba wanda ya taɓa ta. Ayarin fatake daga Kano zuwa Gonja, watanni ana tafe, madugu a gaba da jagabansa, jakai ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a tsallake Kwara, a biya fito da kuɗin hanya, a yi zango inda dare ya yi, a tsere wa 'yan fashi, a isa Salaga a ɗauko goro, sannan a fara fargabar kada ya bushe ko ƙwari su cinye shi kafin a kai gida. Hanya ba ta maimaita kanta, kuskure ɗaya ya cinye jarin shekara. Ga taswira mai sauyawa, ga asarar da babu gyara, kuma mutanen da za ka tarar a kowane zango masu gari ne da sarki da doka, sai da yardarsu za ka wuce. Masu iya yin sa suna nan. Leti Arts, masu ƙera wasannin kwamfuta, tana Accra tun 2009, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Eyram Tawia, a jami'ar KNUST ya yi karatu, nan bayan gidanmu, kuma Curious Expedition ɗin ma mutum biyu ne suka fara shi. Sharaɗina ɗaya ga duk wanda zai yi: kada ya wanke mu. Kasuwar Salaga ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, an sayar da mutane, kuma dole wasan ya tsayar da madugu a gaban wannan ciniki ya bar shi da zaɓinsa da abin da zai biyo baya.

Kafin a kai can, samarin da ke ƙarar zalunci su rufe laftof yini ɗaya su taka zuwa gidan tarihin fadar Manhyia. Gidan tarihin Fowler na Amurka ya dawo da kaya 7 a Fabrairun 2024, kyauta ba sharaɗi. Amma guda 32 da suka zo daga gidajen tarihi biyu na Landan, British Museum da V&A, waɗanda aka buɗe wa jama'a ranar 1 ga Mayun 2024, har da takobin sarauta da lofen zinariya da fayafayan da masu wanke kurwar sarki ke ratayawa, aro ne. Dokokin Birtaniya sun hana gidajen biyu sallama su gaba ɗaya, don haka aka ara wa Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu kayan kakanninsa na shekara 3, da damar ƙarin wasu 3, daga nan yarjejeniyar ta ce a mayar da su Landan.