Daga motar langa-langa zuwa jirgin cikin kwali

Na yi kusan shekara guda ina ganin maƙwabcina a nan Birmingham yana shigewa wani ɗan ɗakin katako a ƙarshen lambunsa duk bayan abincin dare. Fitila a kunne har sha ɗaya, ba motsi, ba ƙarar guduma. Dattijo ne da ya haura saba'in, ya yi ritaya, jikokinsa ma sun tasa. Na ɗauka gyaran agogo yake yi. Ranar da ya ce in shigo in gani, sai na tarar da jirage 'yan ƙanana jere a kan katako, wasu na reto a jikin zare, ga tankokin yaƙi da ba su wuce tafin hannu ba, ga ƙananan kwalabe na fenti sun fi ɗari. A fuska na yi murmushi na yaba. A zuci kuwa cewa na yi, girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

Yau shekara uku ke nan, kuma ni ma ina da nawa teburin a lungun falo. Maiɗakina har yanzu ba ta daina yi mini dariya ba.

Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Kwali kake saya, cikinsa gutsattsarin roba ne manne a jikin firam, kowane da lambarsa, da takardar da ke nuna inda kowane zai zauna. Ka yanko su da 'yar wuƙa, ka goge bakin, ka haɗa da gam, ka shafa fenti, sannan ka jiƙa sitika a ruwa ka zame ta a hankali ta hau jikin jirgin. Abin da ya raba shi da kayan wasan yara shi ne awo. In an rubuta 1:72 a kwali, to kowane santimita ɗaya a hannunka santimita 72 ne a jikin jirgin gaske. Spitfire, jirgin da Ingila ta yi tinƙaho da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, faɗin fukafukinsa mita 11 ne da 'yan kai, saboda haka naka zai fito santimita 15 da rabi. In ya ɗara ko ya gaza, akwai wanda zai ɗauko ma'auni ya gaya maka. Irin waɗannan mutanen har suna aka sa musu a nan, wai masu ƙirga ƙusa, don sai sun lissafa ƙusoshin jikin tanka sun ga ko sun cika.

Kamfanin da ya cusa wa Turawan Ingila wannan ɗabi'a shi ne Airfix, wanda wani ɗan ƙasar Hungary mai suna Nicholas Kove ya kafa a 1939. Da tarakta ta Ferguson suka fara wannan harka a 1949, daga baya Spitfire ya biyo, kuma tun 2006 kamfanin yana hannun Hornby, masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa. A Japan akwai Tamiya, waɗanda suka sa awon 1:35 ya zama na tankoki a ko'ina. Labarin awon nan ma abin dariya ne: tankar Panther suka ƙera daidai yadda batir biyu za su shiga cikinta, da aka auna sai aka ga ta faɗa a kan 35, shi ke nan aka ɗore. Masu wannan harka suna da ƙungiya, IPMS, da aka kafa a Birtaniya a 1963, kuma duk watan Nuwamba sukan yi babban taro a Telford, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga nan a jirgin ƙasa. Dattijon nan ne ya ja ni can. Gani ya kori ji. Zaure bayan zaure, tebur bayan tebur, mutane daga ƙasashe daban-daban, mafi yawansu kai ya yi furfura.

A can Telford ne Funtuwa ta faɗo mini a rai, kuma tun daga ranar ba ta fita ba.

Mu da muka tashi a garin auduga, langa-langar ɗaurin dila ba ta yi mana wuya. Ka tsinto ta, ka miƙe ta da dutse, ka lanƙwasa ta a bakin dakali har ta ba ka kan mota da bodi. Taya kuwa tsohon silifas ne, a ɗora gwangwanin madara a kai a zana da'ira, a yanke da reza. Robar cikin tayar keke ita ce igiyar ɗauri, ita ce kuma sifirin, don motar da ba ta lilo in ta hau gargada ba mota ba ce. Sai dogon sitiyari da ke isowa ƙugu, kana tafe kana tuƙi kana yin ƙarar injin da baki, har da canjin giya. Da kaka, in an girbe dawa, sai a koma motar kara. A ɓare bayan karan a fitar da siraran tsinke, totuwar ta zama ginshiƙi, a soka wannan cikin wancan. Babu gam, babu ƙusa, amma motar ta tsaya da ƙafarta, har ƙofa mai buɗewa da wurin zaman kwandasta. Akwai wani yaro a layinmu da ke yin tifa mai juye yashi da kanta in ka ja zare. Bai kai shekara goma sha ɗaya ba. Ba wanda ya ba shi takardar da ke cewa lamba 14 ta hau kan lamba 9. Zama yake yi a bakin titin Zariya ya ƙura wa motoci ido, ya dawo gida ya fitar da su daga kansa.

Na zana wa maƙwabcina motar kara a bayan ambulan na yi masa bayani. Ya yi shiru, ya ce a wurinsu wanda ke ƙera abu daga tushe, ba tare da kwali ba, shi ake ɗauka gwanin gwanaye, kuma shi kansa a shekara hamsin bai taɓa gwadawa ba. Wato abin da dattawan Telford ke cire wa hula, shi ne abin da yaron layinmu ke yi da reza da kara kafin a kira shi makarantar allo.

To ina yaron yake yanzu? Ban san inda rayuwa ta kai shi ba, amma na san ranar da ya daina, domin ranar da dukanmu muka daina ce. Da zarar ka shiga sakandare, ko muryarka ta fara buɗewa, wani babba zai gan ka da sitiyari a hannu ya ce, "Kai ba ka jin kunya? Gandamemen saurayi da kai?" Magana ɗaya ta isa. Ka jefar da motar a bayan gida, ƙanenka ya ɗauka, shi ma ya jira tasa ranar. A wurinmu aikin hannu iri biyu ne kawai, ko sana'a ce da ke kawo kuɗi, ko wasan yara. Babu gurbi a tsakani. Magidanci da zai zauna ya ɓata sati uku yana haɗa 'yar mota don kawai ransa na so, za a fara tambayar iyalinsa ko lafiya.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma na ba kaina ita: Bature yana da fansho da wutar da ba ta ɗaukewa, mu kuwa muna fama da abin sawa a bakin salati. Akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Mai neman na cefane ba zai sayi fenti ba. Amma kada mu ce lokaci ne babu. Awa nawa muke kashewa a majalisa bayan isha'i? Nawa a gidan kallon ƙwallo, muna jayayya a kan Arsenal har a ɓata? Masu kiwon tattabaru da masu dara ba wanda ya ce sun zautu. Kuma kara da langa-langa ba a saye su da fam ba. Kunya ce ta hana mu, kunyar a ganmu muna yin abin da ba ya da riba.

Akwai ƙofa ɗaya da muka bari a buɗe, ita ma a karkace take. In matashi ya ƙi dainawa ya ci gaba da ƙere-ƙere, sai mu mai da shi abin al'ajabi. A 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota, ya zaga duniya. Tun daga nan kusan duk shekara sai an nuno wani yaro da jirginsa ko motarsa, a ɗauke shi hoto, a rufe da kira ga gwamnati ta tallafa masa. Sai a ambaci Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, a ce ga abin da za a iya zama. Madalla da su duka. Amma wannan tunanin yana nufin ƙere-ƙere ba shi da halasci sai in zai kai ka Detroit, cibiyar kamfanonin motocin Amurka. Dattawan Telford direbobin bas ne da malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya. Ba wanda ke jiran gwamna ya gan shi.

Kada a ɗauka komai nasu ya burge ni. Yaƙi ya yi musu yawa a tebur. Tanka, jirgin ruwan yaƙi, jirgin sakin bam, kuma kayan Jamus na zamanin Hitler su ne suka fi kasuwa, har kamfanoni irin su Revell ba sa saka tambarin 'yan Nazi a kwali saboda dokar Jamus ta hana. Na tsaya gaban wani Alpha Jet da aka yi wa fentin sojan saman Najeriya, mai shi yana ta yi mini bayanin launinsa cikin murna da ya ji daga inda na fito. Ya yi kyau ƙwarai. Sai dai shi launi yake gani, ni kuwa na san mutanen da suka san ƙarar wannan jirgin a kan rufin gidajensu. Ban iya gaya masa ba. Sannan ga saye-saye: maƙwabcina yana da kwalaye da bai buɗe ba, waɗanda ko zai ƙara shekara talatin ba zai gama su ba, kuma bai fasa sayen sababbi ba. Jikokinsa ko leƙen ɗakin ba sa yi, suna kan waya. Ta nan kam mun yi kunnen doki, don da na je gida bara na zaga layinmu ban ga motar kara ko ɗaya ba, sai motocin roba na China da ke karyewa kafin sallah ta wuce.

Abin da na yi musu hassada a kai shi ne yadda suke adana garuruwansu da wannan wasa. A shekarun 1960, bayan rahoton Beeching na 1963 da ya ba da shawarar rage layukan dogo, an rufe tashoshin jirgin ƙasa fiye da dubu biyu a Birtaniya. Da yawa an rushe su. Amma je ka wurin masu ƙananan jiragen ƙasa, za ka tarar da tashar ƙauyen da ta ɓace tana nan a awon 1:76, da agogonta, da bencinta, da tsatsar rufinta. Mutum zai nemi tsofaffin hotuna da taswira, ya tambayi tsofaffin ma'aikata launin ƙofa, ya shekara biyar a kan tasha ɗaya. Har tsufar da abu suka iya, su sa masa ƙura da tabon mai don ya yi kama da wanda ya sha aiki.

Mu fa? Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtuwa da Gusau, ya kwashi auduga da gyaɗa shekara da shekaru. Jiragen sama na farko sun sauka a Kano a 1925, guda uku, daga Masar. Dalar gyaɗa ta tafi. Nigeria Airways da giwarta mai fukafuki ta rufe a 2003. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 tana ƙarewa a hannun 'yan gwangwan. Duk waɗannan abubuwa ne da hannun yaron layinmu zai iya tayarwa a kan tebur, in da an bar shi ya girma da abinsa, aka kuma koya masa riƙe ma'auni. Awon nan shi ne kaɗai abin da motar langa-langa ta rasa. Da ido muke yi, shi ya sa taya kan fi ƙofa girma.

Wani zai tambayi batun mutum-mutumi, don maiɗakina ma ta tambaya. Ni dai ɗan matuƙin da ke zuwa a kwali nakan bar shi a jikin firam ɗinsa, in rufe gilashin jirgin babu kowa ciki. Maƙwabcina ya ɗauka ƙyuyar fentin fuska ce.

Yanzu aikin da ke gabana gingimari ce, Marsandi 911 mai gajeren hanci da bodin katako, irin wadda ke ɗauko buhunan masara daga Dandume ranar kasuwa. A awon 1:35 nake so, daga tushe, da falle-fallen roba da tsinken ashana. Matsalar ita ce bodin nan ba kamfani ya yi shi ba, kafintocinmu ne, kuma ba su bar zane a takarda ba. Sai na kira yayana na ce ya taimaka ya je gareji da tef ɗin tela ya auno mini tsawo da faɗi da tsayin kowane katako.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Saya za ka yi?"

Na ce a'a Yaya, ƙarama zan ƙera, kamar tafin hannu.

"Kai, lafiyarka kuwa? Sanyin ƙasar nan bai taɓa ka ba?"

Bayan kwana huɗu sai ga hoton takarda ya shigo, lambobi cike da rubutunsa, har da zanen tsanin da ke gefen bodi wanda ban ma tambaya ba. A ƙasa ya rubuta cewa direban ya ce in na gama a turo masa hoto, kuma in kula, sifiya a ƙarƙashin bodi take, ba a baya ba. Faɗin taya ne kawai ya manta bai auna ba, ya ce sai ranar Litinin in motar ta dawo daga Legas.