Wa Ya Kaɗa Kalangun Nan? Magana Kan Faifai da Takardar Bayansa

A nan Jamus har gobe akwai shagunan da ba su da wata haja sai faifai, babban baƙin nan mai faɗi wanda iyayenmu suke kira faifan garmaho. Masu shiga kuwa ba tsofaffi kaɗai ba ne, har da samari da 'yan mata da aka haifa bayan kaset ya riga ya mutu. Idan ka tsaya ka lura da su, za ka ga ba sauraro suke yi ba, karatu suke yi. Mutum zai zaro faifai daga cikin jeri, ya ƙare wa hoton gaba kallo, ya juya baya, ya duƙufa a kan ƙananan rubutu. Waƙar nan fa tana cikin wayar da ke aljihunsa. Amma sai ya ƙirga kuɗi masu kauri ya biya, ya rungumo kwali ya fito.

Kuma ba a Jamus abin ya tsaya ba. A Amurka, a shekarar 2022, an sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41, faifan CD kuma miliyan 33, karo na farko ke nan da tsohon ya wuce sabon tun 1987. Wani bincike da kamfanin Luminate ya fitar a 2023 ya nuna cewa rabin masu sayen faifan a can ba su ma da na'urar da za su ɗora shi a kai. Wannan kam akwai ƙoshi a ciki, kada mu yaudari kanmu. Wanda ya sayi faifai ba shi da garmaho, ado ya saya ya jingine a bango. Sai dai ko a cikin wannan almubazzarancin akwai abin lura, domin ya nuna cewa kwalin da rubutun da ke jikinsa suna da daraja tasu daban da sautin.

Su ma Turawan ba da haka suka fara ba. Da can a cikin takarda mai ruwan ƙasa ake zura faifai, ba hoto ba komai. Wajen 1940 ne wani matashi mai zane a kamfanin Columbia, Alex Steinweiss, ya shawo kan shugabanninsa aka fara yi wa bangon zane. A 1948 kamfanin ya fito da faifai mai dogon zango, wanda kowane gefe ke ɗaukar kusan minti ashirin, bangonsa kuma ya kai santimita 31 tsawo da faɗi. Fili ya samu, sai aka fara cika bayan da bayani. Kafin a ankara abin ya zama sana'a mai zaman kanta, har gasar Grammy ta ware wa marubutan wannan bayani kyauta tasu tun 1964. A 1967 'yan Beatles, wasu mawaƙan Ingila, suka buga baitocin waƙoƙinsu kaf a bayan faifansu, wasu suka bi sahu. Daga nan fili ya riƙa tsukewa. CD ya zo a 1982 da 'yar takardarsa mai santimita 12, yau kuma hoton da kake gani a waya bai kai akwatin ashana ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne faifan jaz, wani salon kiɗan Amurka, na kamfanin Blue Note na shekarun 1950 da 1960. Ka juya bayan kowane ɗaya, za ka ga sunan mai busa, da mai ganga, da mai fiyano, kowa da kayan da ya riƙe. Za ka ga wanda ya ɗauki sautin, galibi Rudy Van Gelder, da wanda ya ɗauki hoto, Francis Wolff, da wanda ya tsara bangon, Reid Miles. Saboda wannan ɗabi'a, yaron da bai kai shekara ashirin ba yau zai iya bin sawun mai ganga guda daga faifai zuwa faifai, ya san da wa ya yi aiki, ya ji yadda hannunsa ya sauya da shekaru. Mai gangan ya daɗe a kabari, amma ba a binne sunansa tare da shi ba.

To, mu dawo gida. Ɗauki kowace waƙar Alhaji Mamman Shata da ke yawo a wayoyinmu. Wa ke riƙe da kalangun da ke jan ragamar kiɗan? Su wane ne 'yan amshi a wannan ɗaukar? A wace shekara aka yi ta, a gidan rediyo ne ko a wurin biki, a Funtuwa ko a Kano? Mafi yawanmu sai dai mu yi shiru, ko mu fara musu. Shata ya rasu a 1999, ba a zamanin Bawa Jangwarzo ba, amma tuni an fara jayayya a kan abubuwan da layi biyu a jikin kwali ya isa ya kashe. Haka abin yake ga Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, da Barmani Choge da matan da ke kaɗa mata ƙwarya. Su waɗannan matan ma wa ya taɓa tambayar sunansu?

Kaset ɗin da muka tashi da shi, in an yi sa'a, yana da hoton mawaƙin cikin babbar riga da jerin sunayen waƙoƙi, shi ke nan. Sau da yawa ma kaset ne fanko da mai shago ya naɗa maka, ya ɗauki biro ya rubuta suna ɗaya a jiki. Da harkar ta koma hannun masu tura waƙa a memori, irin waɗanda ke zaune da kwamfuta a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, sai ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Waƙa ta zama lamba. Wani ya sa mata sunan da ya ga dama, wani ya jingina ta ga mawaƙin da bai taɓa jin ta ba. A waƙoƙin finafinanmu kuwa, an daɗe ana yaba wa jarumin da ke motsa baki a allo, alhali mai muryar da wanda ya buga fiyanon suna can situdiyo ba wanda ya san fuskarsu.

Akwai abin da ke sosa mini rai a nan. Idan kana neman kiɗan Hausa da aka rubuta wa cikakken bayani, sau da yawa sai ka same shi a hannun baƙi. Wani Ba'amurke mai nazarin al'adu, David Ames, ya naɗi kiɗe-kiɗe a ƙasar Hausa a farkon shekarun 1960, aka fitar da su a faifai biyu cikin jerin UNESCO, a kamfanin Bärenreiter da ke Kassel a nan Jamus. Tare da faifan akwai shafuka masu hotuna da bayanin kayan kiɗa da irin taron da ake yin kowane kiɗa, cikin harsunan Turai. An rubuta ne don Bature ya fahimce mu. Jikan makaɗin da ke cikin hoton, ko da faifan ya isa hannunsa, sai ya nemi tafinta. Shekaru da yawa bayan haka wani Ba'amurken, Christopher Kirkley, ya kwashi waƙoƙi daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, ya fitar da su a faifai a 2011 ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds. Babban aikin da ya sha shi ne neman masu waƙoƙin, tun da fayilolin ba su ɗauke da bayanin kirki. A cikin waɗanda ya gano har da Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake zagaya duniya da jitarsa. Kamfanin nan ne kuma ya sake fitar da kiɗan Mamman Sani na Yamai a 2013, wanda asalinsa kaset ne na 1978 da kusan ya ɓace. Ban ce baƙin nan waliyyai ba ne, kasuwa suke ci su ma. Amma sun rubuta suna da shekara, mu kuwa ba mu rubuta ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi. Za a ce mu bayaninmu a cikin waƙar yake. Gaskiya ne. Mawaƙin Hausa yakan ambaci ubangidansa da garinsu da kakanninsa, ya kira makaɗansa da suna a tsakiyar waƙa, ya faɗi wanda ya ba shi doki ko mota ko kujerar Makka. Mawaƙan zamani ma sukan jefa sunan situdiyo da na mai kiɗa kafin su rufe. Wannan hikima ce babba, domin ba ta buƙatar mai sauraro ya iya karatu, kuma mai kwafa ba zai iya yage ta ya yar ba. Matsalarta ɗaya ce, tana aiki ne muddin akwai wanda ya san mutanen. Dattijon da ya ji an ambaci wani Alhaji a waƙa ya san ko wane ne, ya san abin da ya haɗa shi da mawaƙin, ya san wa ake yi wa habaici a baiti na gaba. Ranar da dattijon ya kwanta dama, sunan ya zama sauti kawai. Zambo kuwa, wanda dama a lulluɓe ake yin sa, shi ne farkon mutuwa.

Kuma kada wani ya ce rubuta irin wannan bayani al'adar Nasara ce. Malamanmu masu rubutacciyar waƙa a ajami sun daɗe suna rufe waƙa da sunansu, su kuma saka ramzi, wato haruffan da in ka lissafa su za su ba ka shekarar da aka gama ta. Mai kwafar littafi ma yakan rubuta sunansa a ƙarshe ya roƙi addu'a. Da boko ya zo, kamfanin Gaskiya da ke Zariya ya buga waƙoƙin su Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, mutane suka saya suna bi da ido suna rerawa. Ashe ɗabi'ar muna da ita. Waƙar baka ce muka raina, muka ɗauke ta harkar maroƙa da ba ta cancanci tawada ba.

Batun buga baitoci a takarda ya fi sarƙaƙiya a wurinmu fiye da wurin Turawa, wannan na yarda. Mawaƙinsu yana da waƙa guda tsayayya, yadda ya yi ta a situdiyo haka zai maimaita ta a dandali. Shata kuwa ba ya yin waƙa sau biyu iri ɗaya. Ya ƙara, ya rage, ya sako wanda ya shigo fili yanzun nan. Duk wanda ya buga baitoci ya ce wannan ita ce waƙar, ya yi ƙarya ko da bai yi niyya ba. Amma wannan dalili ne na a ƙara bayani, a ce wannan ita ce wadda aka yi a wuri kaza, shekara kaza. Ga kuma karin harshe. Yaron da ya tashi a Kano ko Kumasi, ka kunna masa Narambaɗa yana wasa Sarkin Gobir na Isa cikin Sakkwatanci mai kauri, rabin kalmomin za su wuce shi, sauran kuma ya ji su a karkace ya haddace su a haka. Takarda guda mai baitoci da ɗan fashin baƙi a ƙasa za ta buɗe masa ƙofa. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi wannan aiki na rubuta waƙoƙin baka, Allah ya saka musu. Sai dai littafin yana ɗakin karatu na jami'a, sautin yana waya, ba su taɓa haɗuwa a hannun mai sauraro ba. Abin da bangon faifai ya yi wa Turawa ke nan, ya haɗa su wuri ɗaya.

Zane kuwa ba sai mun je Turai koyo ba. A Legas, Lemi Ghariokwu ya zana wa Fela Kuti bangon faifai 26, zane mai cike da mutane da rubutu da tsokanar masu mulki, wanda kana iya zama ka karanta shi kafin ka ji ko ɗuriyar ganga. Mu da muke da masu zayyanar allo, da masu zanen bangon gida irin na Zariya da Damagaram, da masu fentin bayan manyan motoci, me ya hana? Amma kullum hoto ɗaya ne, mawaƙi ya sha tabarau ya harɗe hannu, an liƙa masa motar da ba tasa ba a baya.

Ba cewa nake a koma buga faifan garmaho a Kano ba. Wa zai saya, da wane kuɗi, a ɗora a kan me? Abin da nake nema ba ya cin ko sisi. A ƙarƙashin kowace waƙa a YouTube akwai fili da ke ɗaukar dogon rubutu, mawaƙanmu kan bar shi fanko, ko su cika shi da lambar waya da roƙon a bi shafinsu. Spotify ma tun 2018 yake nuna sunayen marubuta da masu haɗa kiɗa, in dai an tura masa su. Mawaƙi ya zauna minti goma ya rubuta wanda ya tsara baitoci, da wadda ta yi amshi, da mai fiyano, da situdiyo, da wata da shekara, sannan ya zuba baitocin da ƙa'idar rubutun Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suka dace. Masu ɗora tsofaffin waƙoƙi kuma, kafin su ɗora, su nemi 'ya'ya da yaran makaɗan da suka rage a Funtuwa da Maradun da Isa da Jos, su kunna musu, su tambaye su hannun wa ke kan wannan ganga, su rubuta amsar tare da sunan wanda ya faɗa.