Agogo ma malami ne ga mai koyon rubuta manhaja

Matashi zai shafe wata 6 yana kallon darussan Python, wani harshen rubuta manhaja, a YouTube, in ka tambaye shi ya ce ai ya gane. To ka ba shi minti 30 ya rubuta abin da zai jera sunayen ɗalibai bisa makinsu, sai ka ga yatsu sun tsaya cak. Ganin an yi daban, yi da hannunka daban. Shi ya sa nake so matasan Sakkwato masu wannan karatu su rungumi gasar da ake ɗibar wa lokaci.

Mu abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo aka assasa ta a 1986, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban alƙalai ya sani: ba a gane ƙarfin hadda sai an jawo maka aya an ce ci gaba. Agogo haka yake yi wa mai koyon manhaja. Yana tona masa inda ya yi rauni, ya hana shi guduwa intanet ya kwafo amsa, ya tilasta masa ya fahimci tambaya kafin ya taɓa kwamfuta. A ICPC, gasar rubuta manhaja ta jami'o'in duniya, mutum 3 ake ba kwamfuta 1 na awa 5, dole su koyi rabon aiki da saurarar juna. LeetCode kuwa, wani shafin intanet na gwada rubuta manhaja, duk mako yana da gasar minti 90, kyauta.

Akwai masu cewa gaggawa na haifar da aiki barkatai. Suna da gaskiya, don manhajar asibiti ko ta banki ba a rubuta ta da gudu. Amma rabin amfanin gasar sai bayan an tashi yake zuwa, lokacin da ka koma kan tambayar da ta kayar da kai, ka karanta yadda wasu suka warware ta, ka sake rubutawa a natse. Wanda ya duba makinsa kawai ya rufe, ya yi asarar datarsa.

Dama nan garin batirin kwamfuta ya riga ya zama mana agogo idan aka ɗauke wuta. Abokai 4 ko 5, daga jami'a ko daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, za su iya haɗuwa duk Asabar da safe kafin rana ta yi zafi: tambaya 2, awa 1, sannan kowa ya buɗe nasa a gani.