Yaron da ya kwance kaiminsa

Washegarin ƙaramar Sallah na raka ɗan maƙwabcina tseren dawakin yara da samarin zango suka shirya a wani fili a bayan gari, nan Accra. Shekarunsa 13. Wata biyu yana sammako zuwa barga, ya kwashe kashi, ya yanko ciyawa, don dai mai doki ya ara masa wani ɗan ƙuru ya hau ranar. Kafin a fara an faɗa da lasifika, kowa ya ji: rukunin 'yan ƙasa da shekara 15 ne, ban da kaimi. Yaron ya sunkuya ya kwance nasa ya ba ni ajiya.

Wanda ya zo na ɗaya gemu ya soma fito masa. Ingarma ya hau, kuma da ya sauka na ga jini a cikin dokin, daidai inda kaimi ke sara. Ɗan ƙanin alhajin da ya sayi kofin ne. Na je wurin dattijon da aka ba alƙalanci, na rusuna na ce, "Baba, ba an ce ban da kaimi ba?" Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, Sallah ake yi, a yi haƙuri."

Har yau maganar tana ci mini rai, domin wanda ya bi doka shi aka ba haƙuri.

A Kano na tashi, kuma ba zan ce can babu son kai ba. Akwai shi, ga kuma kilisar tituna da 'yan sanda suka sha hanawa saboda bankaɗe mutane. Amma dubi Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa. Kowane hakimi ya san bayan wanda zai biyo, dukiyarsa ba ta matsar da shi gaba, dogarai kuma suna tsaye. Tsarin ya girmi duk wanda ke kan sirdi, kuma da shi hawan ya kai ga shiga kundin al'adun gargajiya na hukumar UNESCO a 2024. A filin sukuwa ma ba a haɗa dokin Arewa da na Sudan ko Talon a sake su tare. Kowane da ajinsa, tun kafin a ɗaura sirdi.

Na san abin da ya ɗaure hannun mutanenmu a nan. Doki a Accra tsada gare shi, daga arewa ake kawo shi, ciyar da shi ma aiki ne. Tsohon filin sukuwar tsakiyar gari ya zama otel ɗin Kempinski, an mai da tsere Borteyman, nesa da yaron unguwannin zango irin Nima ko Mamobi, wanda sau da yawa dokin da ya sani shi ne na haya a bakin tekun Labadi. Masu dawakin 'yan ƙalilan ne, su ke ba da aro, su ke sayen kofi, su ke zaɓen alƙali. Wa zai ce wa Alhaji ɗansa ya karya doka, gobe ya janye dawakinsa a rasa na hawa? Na fahimci wannan kunyar, amma ban yarda yara ne za su biya kuɗinta ba.

Gyaran ba shi da tsada. A nemi takardar haihuwa, a auna tsayin doki da sanda, a duba ƙafar kowane yaro kafin ya taka likkafa. Alƙali kuwa a ɗauko shi daga zangon Kumasi, wanda ba ya cin tuwon kowa a nan, sarakunan zango su tsaya masa.

Kaimin yaron yana ɗakina har yanzu, bai zo karɓa ba. Shekaranjiya mai dokin ya tare ni bayan Azahar yana tambaya ko lafiya, ya kwana biyu bai gan shi a barga ba.