Wa ke yanke hukuncin wayewa?

Malam, na gode da wannan labari kan kayan tagullar birnin Benin da Jamus ta amince ta mayar wa Najeriya a 2022. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, sojojin Ingila da suka ƙone birnin a 1897 suka kwashe kayan, su ne kuma suka kira mutanensa marasa wayewa. Marar wayewa ne zai narka tagulla ya fitar da fuskar sarki, har da murjanin wuyansa ƙwara-ƙwara?

Tsohuwar ɗabi'a ce. Girkawa sun kira duk wanda ba ya jin harshensu "barbaros", wai maganarsa "bar-bar" ce kawai a kunnensu. Har Farisawa suka saka a ciki, mutanen da suka shimfiɗa hanya daga birnin Sardis (a Turkiyya ta yau) zuwa birnin Susa (a Iran ta yau), kusan kilomita 2,500, manzanni na sauya dawakai zango-zango.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Kalmar "gwaranci" daga sunan Gwari, wato Gbagyi, ta fito. Tun ranar da malaminmu ya faɗe ta a aji, abokina ɗan Gbagyi ya sunkuyar da kai yana murza biro, ban sake furta ta ba.