Idan za ki bar rilaksa, ki san inda gashinki zai karye

'Yar'uwa, akwai maganar da ya kamata a faɗa miki tun ranar da kika yanke shawarar barin rilaksa, kafin ki zuba kuɗi a kan mayuka: gashin da rilaksa ta riga ta ci ba zai koma yadda yake ba. Babu mai, babu haɗin gida, babu sitimin da zai dawo da shi. Duk wanda ya miƙo miki kwalba ya ce tana cire rilaksa daga gashi, kuɗinki yake so.

Silin gashi da sinadarin keratin aka gina shi, kuma wasu ƙulle-ƙulle na sulfa da ke cikinsa su ne ke riƙe da lanƙwasarsa. Aikin rilaksa shi ne ta tsinke waɗannan ƙulle-ƙullen, shi ya sa gashin ke miƙewa. Mai soda da wadda aka rubuta a kwalinta cewa ba ta da soda duk aiki ɗaya suke yi, sai dai ta biyun tana barin kalshiyam a jikin gashi, ya riƙa bushewa. Wadda ake kira teksharaiza ma rilaksa ce da ba a bari ta daɗe a ka ba, haka nan ta yara mai hoton yarinya a kwali. Gashin da ya fito daga fata ba shi da rai, ba ya warkewa kamar ciwo. Saboda haka hanya ɗaya ce: sabo ya tsiro, a yanke tsoho.

Sabon yana tsirowa kimanin santimita 1 zuwa 1.25 a wata, wato santimita 12 zuwa 15 a shekara. Amma gashinmu yana tsukewa idan ya bushe, wani har ya koma kwatan tsawonsa. Mata da yawa sukan dubi madubi a wata na shida su ce gashin ya tsaya. Bai tsaya ba. Ki ja sili ɗaya a hankali ki ga ainihin tsawonsa.

Matsalar gaba ɗaya tana wuri guda, a mahaɗa, daidai inda sabon toho mai kauri da lanƙwasa ya haɗu da tsohon gashi mai laushi da sinadari ya raunana. Mataji yana bi ta cikin miƙaƙƙen salin-alin, sai ya zo mahaɗa ya cije, ke kuma ki ƙara ƙarfi, sai silin ya tsinke a nan. Yawancin masu komawa rilaksa tsakanin wata na uku da na shida ba gashinsu ne ya fi na kowa tauri ba. Suna kula da sabon gashi ne da tsohuwar ɗabi'a: taje kai a bushe, da ƙaramin mataji, daga tushe zuwa baki, cikin gaggawa. Ni a ganina wadda ta gyara wannan kaɗai ta ci rabin aikin, ko da mayukanta masu araha ne.

Ranar wanke kai, wadda ta kamata ta zo duk kwana 7 zuwa 14, ki fara da raba gashin gida huɗu ko shida, ki tufke kowane kashi. Ki shafa man kwakwa kamar cokali biyu, ki bar shi minti 30. Man kwakwa yana daga cikin 'yan mayukan da ke shiga cikin silin, yana rage ɓarnar da ruwa ke yi wa gashi mai rauni. Shamfu na fatar kai ne, ki cuɗa da tsokar yatsa ban da farce, da ruwa mai ɗumi, kumfar da ke gangarowa ta isa ta wanke sauran. Kada ki tattara gashin a tsakiyar ka kina cuɗawa kamar wanki, nan take tsoho da sabo za su sarƙe.

Sai kwandishana, kuma a nan ba a rowa. Ki cika kashi ɗaya da ita har ya yi santsi, ki fara warware shi da yatsu, sannan ki ɗauki mataji mai manyan haƙora. Daga baki ake farawa, a riƙa hawa sannu a hankali zuwa tushe, ɗaya hannun yana riƙe da gashin don kada jan ya sauka a kan mahaɗa. In kin ci karo da ƙulli, ki ajiye matajin, ki ƙara kwandishana, ki zare silin ɗaya bayan ɗaya. Kashin da kika gama ki mayar da shi tufka kafin ki taɓa na gaba. Sitimin na minti 20 zuwa 30 a ƙarƙashin hular leda ya wadatar, kwana da shi ba ya ƙara komai. Wurin tsanewa, tsohuwar riga mai laushi ta fi tawul, kuma matsewa ake yi, ba gogewa ba.

Akwai gwajin da zai nuna miki abin da gashin ke buƙata. Ki ɗauki sili ɗaya jiƙaƙƙe ki ja. Idan ya yi ta miƙewa kamar cingam bai koma ba, yana buƙatar mai gyara na furotin, sau ɗaya a mako 4 zuwa 6, a bi shi da kwandishana mai sanya laushi. Idan kuwa ya tsinke nan da nan yana ƙaras-ƙaras, danshi ya rasa, kuma ƙara masa furotin zai ƙara masa tauri ne.

Mai ba danshi ba ne. Ina jaddada wannan saboda shi ne kuskuren da ya fi yawa. Ruwa ne danshi, aikin mai shi ne ya hana ruwan saurin tafiya. Wadda ke lafta man kaɗe a kan busasshen gashi za ta samu gashi mai maiƙo kuma busasshe. Duk kwana biyu ko uku ki fesa ruwa kaɗan, ki shafa kwandishanar da ba a wankewa, sannan ki rufe da ɗan mai, ki fi ba mahaɗa da bakin gashi. Fatar kai kuma ba ta buƙatar a cika ta da mai. Amosani sau da yawa wata ƙwayar cuta ce irin ta yis ke haddasa shi, wadda maiƙo ne abincinta, don haka shamfu mai ɗauke da maganin ketokonazol, a bar shi minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye, ya fi kowane mai amfani. Da dare ki ɗaura ɗankwalin siliki ko satin, domin auduga tana shan danshi tana kuma gogar gashi.

Ki koyi bambance zubewa da karyewa. Silin da ya fito da tsawonsa, da ɗan farin ƙullutu a gindinsa, zubewa ya yi, kuma kowane mutum yana zubar da 50 zuwa 100 a rana. Guntaye marasa farin kai su ne karyewa. Idan kitso ya yi wata guda a kanki, gashin da ya zube fiye da dubu yana nan maƙale a ciki. Saboda haka in kin yi tsifa, kada ruwa ko shamfu ya taɓa kan sai kin shafa mai, kin zare wannan mataccen gashin da yatsu, kashi-kashi. Wadda ta tsefe ta shiga wanka kai tsaye, gashin zai dunƙule ya zama curi guda, wani lokacin sai almakashi.

Game da gyaran kai, ƙa'idata ita ce a sa tsoho ya bi sabo, kada a tilasta wa sabo ya bi tsoho. Tufka, manyan zane marasa tsauri, da kitson zare duk suna haɗa nau'in biyu su yi kama ba tare da zafi ba. Abin da nake roƙonki ki guje wa shi ne miƙar da sabon toho da ƙarfen zafi duk mako don ya dace da na ƙasa. Zafi mai yawa yana kashe lanƙwasa har abada, sai ki wayi gari kina da gashi biyu da za a yanke. In ya zama dole, gashin ya bushe sarai, a shafa mai kare zafi, kada a wuce digiri 180 a ma'aunin Salsiyas, kuma a bi sau ɗaya.

Kitso da ƙarin gashi yana hutar da hannu, amma kada ya wuce mako shida, kada ya yi nauyi, kada ya yi ƙanana. Kitson da ya hana ki barci, ya tayar da ƙuraje a gaban goshi, ko ya sa ki shan maganin ciwon kai, ki kwance shi a ranar, komai kuɗin da kika biya. Gashin goshi da ja ya cinye yana dawowa in an daina da wuri, in aka daɗe tushen yana mutuwa. Idan kuma tsakiyar kanki ne ke raguwa, da ƙaiƙayi ko zafi, wannan aikin likitan fata ne, kada ki tsaya gwada mayuka.

Ba na ganin laifin macen da ta zaɓi rilaksa, amma tana da haƙƙin sanin abin da aka gano. A shekarar 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000. An kiyasta cewa cikin waɗanda ba su taɓa amfani da sinadaran miƙar da gashi ba, kashi 1.64 cikin ɗari za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70, cikin masu amfani da su fiye da sau huɗu a shekara kuwa kashi 4.05. Alaƙa binciken ya nuna, bai ce kowace mai shafawa za ta kamu ba, amma ya isa a yi tunani kafin a shafa wa ƙaramar yarinya.

Batun yanka kuma ya danganta da halin da tsohon gashin ke ciki. Idan ya riga ya kakkarye ya zama tsilli-tsilli, ki yanke shi lokaci ɗaya, riƙe shi ba abin da zai ƙara miki sai sarƙewa. Idan yana da ƙarfi, ki riƙa datse santimita 1 zuwa 2 duk mako 6 zuwa 8, sabo na hawa tsoho na raguwa, zuwa wata 12 ko 18. Yankan ƙarshe a jiƙe ake yin sa da kwandishana a ka, domin a lokacin sabon zai nannaɗe, tsohon ya rataya a miƙe, mahaɗar ta fito fili. A yi amfani da almakashi mai kaifi wanda gashi kaɗai ake yankawa da shi, don dakusasshe yana tsaga baki. A yanka kaɗan a cikin sabon, kada a bar ko ɗan guntun tsohon, kuma bayan wanki biyu ko uku a sake dubawa, za a ga 'yan silin da suka tsere.